Yaƙin Rasha da Yukren: Yadda Sararin Samaniya Ya Gagari Kowa Mallaka

Lokacin da sojojin Rasha suka tsallaka iyakar Yukren da asubahin ranar 24 ga Fabrairun 2022, yawancin masu sharhi kan harkokin soja sun ɗauka cewa ba za a yi mako guda ba kafin jiragen Rasha su mamaye sararin samaniyar ƙasar baki ɗaya. Dalilinsu a fili yake, domin jiragen yaƙin Rasha sun ninka na Yukren sau da yawa, sun fi su sabunta, sun fi su hangen nesa, kuma makamansu sun fi cin dogon zango, alhali Yukren tana dogaro ne da ɗan abin da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, wato tsofaffin MiG-29 da Su-27 da Su-24 da Su-25, waɗanda aka ƙera wasunsu tun kafin a haifi matuƙan da ke tuƙa su. Duniya kuma ta riga ta saba da wani salon yaƙi. A Iraƙi a 1991 jiragen Amurka da na ƙawayenta sun shafe fiye da wata guda suna luguden wuta kafin sojojin ƙasa su shiga su gama aikin cikin kwana huɗu, a Libiya kuwa a 2011 jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO ne suka karya lagon dakarun Gaddafi. An yi zaton irin wannan za a sake gani a Yukren, sai al'amarin ya zo da wata siga dabam, kuma daga nan ne kusan duk abin da ya biyo baya a yaƙin ya samo asali, tun daga zaman da sojoji suke yi a ramuka a yankin Donbas har zuwa duhun da biranen Yukren suke kwana a ciki a tsakiyar hunturu.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe tun da farko. Mallakar sararin samaniya ita ce jiragenka su tashi su je inda suka ga dama, a lokacin da suka ga dama, su jefa bam su dawo ba tare da fargaba ba. Hana abokin gaba mallakarsa kuwa aiki ne mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta, domin ba ya buƙatar ka fi shi yawan jirage, abin da yake buƙata shi ne duk matuƙin da ya tsallako ya san cewa akwai yiwuwar ba zai koma gida ba. Yukren ba ta taɓa samun ƙarfin yin na farko ba, amma ta yi na biyun, Rasha ma ta yi mata haka, sai ɓangarorin biyu suka zama kamar 'yan kokawar da kowanne ya riƙe hannun ɗan'uwansa, babu mai iya kayarwa kuma babu mai yarda ya saki.

A daren farko Rasha ta harba makamai masu linzami a kan sansanonin jiragen sama da tashoshin rada da wuraren da bayanan leƙen asirinta suka nuna cewa nan na'urorin kakkaɓo jirage suke. Da yawa daga cikin makaman sun faɗa inda aka nufa, sai dai abin da ake nema ya riga ya tashi, domin sa'o'i kaɗan kafin harin rundunar Yukren ta kwashe jiragenta da na'urorinta masu tafiya a kan motoci ta watsa su a wurare dabam-dabam. A ranar ce kuma jirage masu saukar ungulu suka sauke sojojin laima na Rasha a filin jirgin sama na Hostomel da ke bakin ƙofar Kyiv, da nufin buɗe hanya ga manyan jiragen dakon soja su sauko da dakarun da za su kama babban birnin. Manyan bindigogin Yukren suka lalata hanyar saukar jiragen, shirin ya wargaje. Da aka shiga watan Maris, na'urorin kakkaɓo jirage na Yukren samfurin S-300 da Buk sun dawo aiki sosai, suna kunna radarsu na ɗan lokaci, su harba, su kashe, su sauya wuri. Jiragen Rasha da suka ga tashi a can sama ya zama haɗari sai suka koma tafiya ƙasa-ƙasa don su ɓace wa rada, a can kuma suka tarar da sojoji ɗauke da makaman kafaɗa irin su Stinger da Igla suna jiransu. Kafin watan Afrilu ya yi nisa, jiragen Rasha masu matuƙa sun daina kutsawa cikin Yukren da nisa, kuma har yau ba su koma ba.

Me ya hana runduna mai wannan girma ta murƙushe garkuwar saman Yukren? A ganina amsar tana cikin yadda aka gina rundunar tun asali. Farautar na'urorin kakkaɓo jirage sana'a ce mai zaman kanta, wadda take buƙatar gomman jirage su yi aiki tare a lokaci guda, wasu suna tsokanar rada don ta kunna, wasu suna dagula mata sigina, wasu suna harba mata makami mai bin hasken radar, wasu kuma suna gadin sauran, kuma a maimaita haka kullum har tsawon makonni ana jure asara. Amurka ta shafe shekaru tana koyon wannan tun daga yaƙin Biyetnam. Rundunar saman Rasha kuwa an reno ta ne a matsayin mataimakiyar sojojin ƙasa, matuƙanta sun saba tashi bibbiyu ko hurhuɗu, kuma gogewar da suka samu a Siriya daga watan Satumban 2015 gogewa ce ta jefa bam a kan 'yan tawayen da ba su da abin mayar da martani. Wanda ya saba da yaƙin da babu mai harbinsa, ranar da ya gamu da mai harbi sai ya ga ashe darasin da ya haddace na wani fagen ne.

Katangar da ta tare Rasha ita ce kuma ta tare Yukren, har ma ta fi tsanani a gare ta. Rasha tana da na'urorin S-400 da Buk da Tor da Pantsir jere a bayan fagen daga, sannan jiragenta MiG-31 da Su-35 suna shawagi a can sama cikin yankin da suke da aminci, suna harba makamin R-37M wanda ke iya kamo jirgi daga nesa ƙwarai. Saboda haka matuƙan Yukren suke tafiya dab da kan itatuwa, inda man jirgi ke saurin ƙarewa kuma makami ba ya cin zango. A makonnin farko Shugaba Volodymyr Zelensky ya yi ta roƙon NATO ta haramta tashin jirage a sararin samaniyar ƙasarsa, ƙungiyar ta ƙi, domin aiwatar da haramcin yana nufin jiragenta su harbo na Rasha, wanda hakan yaƙi ne kai tsaye tsakanin masu makaman nukiliya.

Illar wannan rashi ta fito fili a daminar 2023, lokacin da Yukren ta ƙaddamar da babban farmakinta a yankin Zaporizhzhia da tankokin Leopard da motocin sulke na Bradley. Ayarin motocin suka shiga filayen da aka shimfiɗe da nakiyoyi, suka tsaya cik, jirage masu saukar ungulu na Rasha samfurin Ka-52 kuma suka riƙa harbinsu daga tazarar da makaman kafaɗa ba sa kaiwa. Ƙasashen yamma sun horar da waɗannan sojoji a kan salon yaƙin da su kansu ba za su taɓa gwadawa ba sai jiragensu sun share musu hanya, sannan suka tura su ba tare da jiragen ba. Makamai masu linzami na Amurka samfurin ATACMS da suka lalata jirage masu saukar ungulu a filayen Berdyansk da Luhansk ba su iso ba sai a watan Oktoba, bayan farmakin ya riga ya mutu. Wannan jinkiri na ba da makami bayan lokacin amfaninsa ya wuce ya maimaitu sau da yawa a yaƙin, kuma rayukan sojoji ne suke biyan kuɗinsa.

Rasha ba ta zauna haka ba. Da ta ga jiragenta ba za su iya tsallakawa ba, sai ta nemi hanyar da bam zai tsallaka shi kaɗai, kuma ta same ta a cikin rumbunanta. Tana da tarin tsofaffin bama-bamai na zamanin Sobiyet samfurin FAB, masu nauyin kilo 250 da 500 da 1,500, har da mai tan uku. Injiniyoyinta suka ƙera wani ɗan ƙarin kaya mai arha da ake kira UMPK, wato fukafukai masu buɗewa da na'urar da ke karɓar jagora daga tauraron ɗan'adam, aka riƙa ɗaura shi a jikin bam ɗin. Jirgin Su-34 yakan tashi ya yi sama, ya saki bam ɗin tun yana kilomita 40 zuwa 70 daga inda ake nufa, ya juya ya koma, bam ɗin kuma ya yi ta lilo a iska har ya isa. Ba shi da injin da zai fitar da zafin da makami zai bi, jikinsa ƙarfe ne mai kauri, kuma tafiyarsa ba ta wuce 'yan mintuna, don haka kakkaɓo shi yana da matuƙar wuya. Ramin ɓuya da ginin kankare suna iya jure harsashin babbar bindiga, amma ba sa jure bam mai tan ɗaya da rabi. Da irin waɗannan bama-bamai aka niƙe garin Avdiivka har sojojin Yukren suka janye daga cikinsa a watan Fabrairun 2024, kuma tun daga lokacin salon ci gaban Rasha a gabas bai sauya ba: a rushe wurin da bam, a tura ƙananan rukunonin sojoji su kutsa cikin kufai. A wasu makonnin 2025 hukumomin Yukren sun ƙirga fiye da bam 1,000 irin wannan a mako guda. Ba a fagen daga kaɗai suke faɗawa ba. A watan Mayun 2024 sun faɗa kan wani babban kantin kayan gini a Kharkiv suka kashe mutum 19, a watan Satumban 2025 kuma ɗaya ya faɗa kan tsofaffin da suka yi layin karɓar fansho a ƙauyen Yarova na yankin Donetsk, ya kashe fiye da 20.

Maganin wannan bam shi ne a harbo jirgin kafin ya sake shi, ko a lalata jirgin a ƙasa. Yukren ta gwada matso da Patriot, na'urar kakkaɓo jirage da makamai ta Amurka, kusa da fagen daga don yi wa jiragen kwanton ɓauna, ta yi nasara a wasu lokuta, amma ta yi asarar motocin harbawa masu tsada waɗanda biranenta suke matuƙar buƙata. Ta kuma koma dagula siginar tauraron ɗan'adam don bam ɗin ya kauce, Rasha ta ƙara wa na'urar jagorar ƙarfin jure dagulawa, haka ake ta yi, kowane ɓangare yana warware ƙullin da ɗayan ya ɗaura cikin 'yan watanni.

Fage na biyu shi ne na hare-haren nesa a kan birane. Kwana biyu bayan fashewar da ta lalata wani sashe na gadar Kirimiya a ranar 8 ga Oktoban 2022, Rasha ta fara kai hari da gangan a kan tashoshin wutar lantarki da na rarraba ta, a daidai lokacin da aka damƙa jagorancin yaƙin ga Janar Sergei Surovikin, wanda a lokacin shi ne shugaban rundunar sama. Makaman iri-iri ne. Akwai masu tafiya ƙasa-ƙasa kamar jirgi, irin su Kh-101 da manyan jiragen Tu-95 ke saki daga can cikin Rasha, da Kalibr da ake harbawa daga teku. Akwai kuma masu hawa can ƙololuwa su faɗo da gudu mai tsanani, irin su Iskander, da Kinzhal wanda MiG-31 ke ɗauka, da waɗanda Koriya ta Arewa ta fara bai wa Rasha a ƙarshen 2023. Kashi na farko ana iya harbo shi da na'urori da dama, kamar IRIS-T ta Jamus da NASAMS. Kashi na biyu kuwa kusan Patriot ce kaɗai maganinsa, kuma ita ce ta harbo Kinzhal a saman Kyiv a farkon watan Mayun 2023, makamin da Mosko ta daɗe tana cewa babu mai iya tare shi.

Amma na'ura ba ta da amfani idan babu abin da za ta harba. Lokacin da majalisar dokokin Amurka ta riƙe tallafin dala biliyan 61 har tsawon kusan wata shida, rumbunan Yukren suka bushe, kuma a ranar 11 ga Afrilun 2024 aka rushe tashar wutar Trypilska, mafi girma a yankin Kyiv. Zelensky ya bayyana daga baya cewa makamai 11 aka harbo, aka kakkaɓo bakwai, huɗun da suka rage suka wuce saboda makaman tarewa sun ƙare. A watan Yulin wannan shekarar makami mai linzami ya faɗa kan asibitin yara na Okhmatdyt, mafi girma a ƙasar. Kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta fitar da sammacin kama Sergei Kobylash, kwamandan jiragen dogon zango na Rasha a lokacin hare-haren, da wasu manyan hafsoshi, kan hare-haren da aka kai wa tashoshin lantarki. Ko da sammacin bai kai kowa gaban alƙali ba, ya tabbatar da abin da hankali ya riga ya sani, cewa hana miliyoyin mutane wuta da ɗumi a ƙasar da sanyi ke daskarar da ruwa hari ne a kan farar hula.

Abin da ya fi sauya lissafin wannan fage shi ne jirgi marar matuƙi na Iran mai suna Shahed-136, wanda Rasha ta fara amfani da shi a watan Satumban 2022 ta sa masa suna Geran-2. Ba shi da sauri, ƙarar injinsa ce ma ta sa mutanen Yukren suke kiransa babur, amma yana cin fiye da kilomita dubu ɗauke da abin fashewa mai nauyin kilo 50 ko fiye, kuma kuɗinsa bai wuce 'yan dubun-dubatar daloli ba, alhali makamin Patriot guda ɗaya yana kaiwa kimanin dala miliyan huɗu. Rasha ta kafa masana'antar ƙera shi a yankin Alabuga na Tatarstan, kuma a nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye, domin binciken da kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa a 2024 ya nuna cewa an ɗebo 'yan mata kimanin 200 daga ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya, da alkawarin karatu da koyon sana'a, suka tsinci kansu suna harhaɗa waɗannan jirage a masana'antar da ita kanta ake kai wa hari. Duk iyayen da aka kawo wa tallar aiki ko karatu kyauta a wannan yanki ya kamata su san abin da ake ƙerawa a can.

Yawan jiragen ya yi ta hauhawa. A watan Yulin 2025 kaɗai an harba fiye da 6,000, a daren 7 ga Satumban shekarar kuma fiye da 800 a lokaci guda, daren da wuta ta kama ginin majalisar ministoci a Kyiv. Wani kaso mai yawa daga cikinsu na bogi ne, irin su Gerbera da ake yi da katako da soso, aikinsu kawai su cika fuskar rada su sa a ɓarnatar da makami. Martanin Yukren ya zama na neman arha. Ta kafa ƙananan rukunonin sojoji masu yawo a motocin a-kori-kura ɗauke da manyan bindigogi da fitilun haskawa, ta baza dubban na'urorin sauraro a faɗin ƙasar don su ji ƙarar injin su nuna hanyar da ya bi, ta kuma ci moriyar Gepard, wata tsohuwar bindigar kakkaɓo jirage da Jamus ta riga ta yi wa ritaya. Da Rasha ta sa jiragen suka riƙa tashi sama da inda harsashi ke kaiwa, sai Yukren ta koma ƙera ƙananan jirage marasa matuƙa masu sauri waɗanda ke bin Shahed su yi karo da shi, kowanne a kan 'yan dubban daloli. A ganina wannan ƙirƙira ta fi kowane jirgin yaƙi da aka bai wa Yukren muhimmanci, domin da ita kuɗin tarewa ya sauko ƙasa da kuɗin hari.

Wannan ya kawo mu ga F-16, jirgin da aka fi yin surutu a kansa. Amurka ta amince a horar da matuƙan Yukren a watan Mayun 2023, Denmark da Holan da Norway da Beljiyam suka yi alkawarin bayarwa, amma na farko bai bayyana a Yukren ba sai a watan Agustan 2024, Faransa kuma ta biyo da Mirage 2000 a farkon 2025. Jiragen sun yi amfani, musamman wajen harbo makamai masu tafiya ƙasa-ƙasa da Shahed, da kuma jefa bama-baman lilo na ƙasashen yamma. Sai dai tsofaffin samfura ne, ba su da yawa, radarsu ba ta kai ta Su-35 ba, kuma horar da matuƙi da makanikai yana ɗaukar lokacin da yaƙi ba ya bayarwa. Cikin watan da suka iso aka yi asarar ɗaya tare da matuƙinsa Oleksii Mes, kwanaki kaɗan bayan haka aka sauke kwamandan rundunar sama Mykola Oleshchuk. Waɗanda suka yi tsammanin F-16 zai buɗe sararin samaniya sun ɗora masa nauyin da jirgi ɗaya ba ya ɗauka.

Inda Yukren ta fi ba da mamaki shi ne wajen kai hannu ga abin da ake ganin ya fi ƙarfinta. A watan Afrilun 2022 ta nutsar da Moskva, babban jirgin ruwan yaƙin Rasha a Bahar Aswad, da makaman Neptune da ta ƙera da kanta, kuma nutsewarsa ta cire laimar kariyar da yake yi wa sararin tekun. A watan Disamban shekarar jirage marasa matuƙa suka kai hari sansanin jiragen sama na Engels, ɗaruruwan kilomita cikin Rasha. A watannin Janairu da Fabrairun 2024 ta harbo jiragen A-50 guda biyu, waɗanda su ne idon rundunar saman Rasha, masu ɗauke da babbar rada a bayansu, kuma 'yan ƙalilan ne Rasha take da su. A watan Mayun 2025 wani kwale-kwale marar matuƙi samfurin Magura ya harbo jirgin Su-30 kusa da Novorossiysk, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin yaƙi. Sannan aka zo ranar 1 ga Yunin 2025, lokacin da hukumar tsaron cikin gida ta Yukren ta aiwatar da shirin da ta kira saƙar gizo-gizo, bayan shekara ɗaya da rabi tana tsara shi. An ɓoye ƙananan jirage marasa matuƙa 117 a rufin wasu ɗakunan katako, aka ɗora su a manyan motoci, aka kai su kusa da sansanonin Belaya a Saiberiya da Olenya a arewa mai nisa da Dyagilevo da Ivanovo, rufin ya buɗe, jiragen suka tashi suka faɗa wa manyan jiragen Tu-95 da Tu-22 da ke ajiye a fili. Yukren ta ce ta taɓa jirage 41, jami'an Amurka suka ce kimanin 20 aka taɓa, kusan 10 suka ƙone ƙurmus. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka asarar babba ce, domin an daina ƙera waɗannan jirage tun farkon shekarun 1990. Duk da haka hare-haren Rasha ba su tsaya ba, saboda nauyinsu ya riga ya koma kan Shahed da Iskander, waɗanda ba sa buƙatar babban jirgi.

Harin da ya fi yi wa Rasha ciwo a aljihu shi ne na matatun mai, wanda aka fara a farkon 2024 aka kuma tsananta daga watan Agustan 2025, har gwamnati ta hana fitar da fetur zuwa waje, aka ga layukan motoci a gidajen mai a Kirimiya da gabas mai nisa. Faɗin ƙasar Rasha, wanda ya cece ta a yaƙe-yaƙen da suka wuce, a wannan karo ya zame mata nauyi, domin babu adadin na'urorin da zai isa ya tsare kowace matata da kowane rumbun makamai. Farar hular Rasha ma ba su tsira ba, musamman a Belgorod, inda hari guda a ƙarshen Disamban 2023 ya kashe fiye da mutum 20.

A can fagen daga kuwa, sararin da ake gwabzawa a kansa ya sauko ƙasa, bai fi tsayin doguwar bishiya ba. Jirgi marar matuƙi na Turkiyya mai suna Bayraktar TB2, wanda ya yi suna a makonnin farko kuma ƙasashen Sahel da dama suka saya, ya ɓace daga fagen da zarar garkuwar saman Rasha ta daidaita, domin babba ne kuma ba shi da sauri, ya fi dacewa da yaƙin da abokin gaba ba shi da abin harbo shi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ɗan ƙaramin jirgi na 'yan ɗaruruwan daloli, wanda soja ke tuƙawa da tabarau a fuska yana ganin abin da kyamarar jirgin ke gani har ya shigar da shi ta ƙofar tanka ko bakin rami. Hukumomin Yukren sun ce sun ƙera fiye da miliyan biyu a 2024, suka kuma kafa runduna mai zaman kanta ta jirage marasa matuƙa. Da dagula sigina ya yi yawa, Rasha ta fito da waɗanda ke jan siririn zaren gilashi mai tsawon kilomita goma ko ashirin, umarni yana bi ta cikin zaren, babu siginar da za a dagula, kuma da su ta yanke hanyar kai kayan sojojin Yukren da suka kutsa yankin Kursk na Rasha har suka janye a watan Maris na 2025. Sakamakon haka duk abin da ya motsa a tazarar kilomita 15 zuwa 20 daga fagen daga ana ganinsa, ana lulluɓe hanyoyi da ragar kamun kifi, kuma wanda ya ji rauni yakan yi kwanaki kafin a iya ɗauko shi. A birnin Kherson irin waɗannan jirage suna bin mutane a kan titi da cikin motocin asibiti, abin da kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2025 a matsayin laifin cin zarafin bil'adama.

Ƙasashen NATO ma sun ɗanɗani wannan lissafi a daren 9 ga Satumban 2025, lokacin da jirage marasa matuƙa kimanin 20 suka shiga sararin samaniyar Folan, aka tayar da F-35 da F-16 masu tsadar gaske don farautar abin da yawancinsa katako ne da soso. Yukren ta sanya hannu kan takardun niyyar sayen jiragen yaƙi samfurin Gripen daga Suwidin a watan Oktoban 2025 da Rafale daga Faransa a watan Nuwamba, amma waɗannan alkawura ne na shekaru masu zuwa, kuma a lokacin sanya hannun ba a warware batun wanda zai biya ba. Matsalar da ke gabanta a kowane dare ita ce ta makamai masu faɗowa daga ƙololuwa, waɗanda ba a samo musu magani mai arha ba. Makamin Patriot da ke tare su, 'yan ɗaruruwa ne ake ƙerawa a shekara, ƙasashen Turai da na yankin Gulf da na gabashin Asiya duk suna layin jiransa, kuma tun daga tsakiyar 2025 gwamnatin Donald Trump ta mayar da tsarin ya zama ƙasashen Turai ne za su saya da kuɗinsu su miƙa wa Yukren. Rasha kuwa tana ƙera Iskander a masana'antarta ta Votkinsk ba tare da neman izinin kowa ba, tana kuma gyara shi don ya riƙa karkacewa a daƙiƙun ƙarshe kafin ya faɗo.